Kayan gyaran tsohuwar Fijo 504: sabo, ɗan Beljiyam, ko wanda ya zo da motar?

Tambaya: Na gaji Fijo 504 ta mahaifina, haɗin Kaduna, ta daɗe a rumfa ba ta motsi. So nake in tashe ta ta koma yadda take a da, ba don haya ba. Bakanike ya sa mata sabon famfon ruwa, sabon kontak da kwandansa, da sababbin robobin birki, duk a kwali mai tambarin zaki. Ba a rufa wata uku ba famfon ya fara zuba, motar tana mutuwa in ta yi zafi, birki kuma ya yi laushi. Wasu sun ce in koma wa 'yan Beljiyam, wasu sun ce in nemi tsohuwar ajiyar kamfani da ba a taɓa ɗaurawa ba. Wanne ne mai inganci?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka ga yadda kake so a motar nan. Kafin mu shiga dogon bayani, ɗana, ka tashi yau ɗin nan ka je garejin ka karɓo duk abin da aka kwance daga jikinta: tsohon famfon, tsohon kontak, kwandansa, har notin da aka ce ya cinye. In ka yi sanya, yaran gareji za su haɗa su da tarkace su auna wa 'yan gwangwan a kan sikeli, alhali mai yiwuwa sun fi waɗanda ka biya kuɗi aka ɗaura maka.

Masu ba ka shawarar nan kowanne ya faɗi gaskiya rabi. Abin da ke kashe ƙarfe daban, abin da ke kashe roba daban. Ƙarfen da aka zuba ko aka sassaƙa a injin, aiki da tsatsa ne ke cin sa, zaman shago ba ya yi masa komai. Roba kuwa shekaru ke cin ta, ko tana jikin mota ko tana cikin leda a kan kanta. Don haka ƙarfe a nemi tsohonsa ko a gyara na jikin motar, roba a nemi sabuwa fil daga kamfanin da ke da sunan da zai kare. Wanda ya ɗauki ƙa'ida ɗaya ya shafa wa motar gaba ɗaya, zai yi asara ta wani gefen.

Ya kamata ka san dalilin da ya sa sabon kaya ya lalace haka, don kada ka ɗauka bakanikenka kaɗai ne ya cuce ka. An fito da 504 a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna da ke Kakuri ta fara haɗa Fijo a 1975, kuma ba a daina haɗa 504 a can ba sai tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barin ta. A duk tsawon lokacin nan Peugeot ba ita ke ƙera komai da hannunta ba. Kayan wuta na Ducellier ne ko Paris-Rhône, fitilu na Cibié ko SEV Marchal, kafireto na Solex ko Zenith, birki na Girling ko Bendix. Waɗancan huɗun na farko duk sun narke cikin kamfanin Valeo, sauran ma sun sha canza hannu. Injinan da suka buga kayan sun tsufa, an sayar da wasu, an narkar da wasu. Babu kamfanin da zai kashe kuɗin sabon ma'auni don motar da ba ya sa ran sayar da kayanta dubu ɗari a shekara.

Mu kuma namu ya zo da ƙari. Daga 1986, da aka shigo da SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, naira ta faɗi, kayan Faransa suka fi ƙarfin direba. 'Yan kasuwa suka riƙa ɗaukar samfuri zuwa Taiwan, daga baya Sin da Indiya, suna cewa a yi musu irinsa a kan farashi kaza. Wa ake yi wa kayan? Direban tasha mai lodin Kano zuwa Zariya, wanda abin da yake so shi ne motar ta fita gobe da safe, in famfon ya kai shi ƙarshen wata ya mayar da kuɗinsa. Shi ya gina kasuwar kayan 504 da muke da ita, kuma ban ga laifinsa ba. Amma kai da kake son abin da zai shekara goma, ka shiga kasuwar da ba don kai aka kafa ta ba. Masana'antun can sun iya yin mai kyau in an biya su. Abin da aka yi oda suka kawo.

Sannan akwai matsalar kwaikwayo. Mai kwafin ba shi da zanen kamfani, abin da ke hannunsa tsohon kaya ne da ya riga ya ci aiki. Kamar ka kai wa tela tsohuwar rigar da ta sha wanki ta ɗage, ka ce ya yanka sabuwa a kanta, wani telan kuma ya zo ya yanka a kan tasa. Kafin a kai hannu na uku, ramin noti ya goce, kauri ya ragu, abin ya yi kama da na asali a ido amma ba ya zama a mazauninsa sai da guduma. Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. Masu tsofaffin motoci a Ingila da Amurka kukansu ke nan a kan kwandansa da roba da faifan bodi. Inda aka tsira shi ne inda injinan asali suka rayu, irin kamfanin British Motor Heritage da ke buga bodin MGB, wata tsohuwar motar Ingila, da injinan da aka yi motar da su tun farko, ko Mercedes da ke da cibiyar tsofaffin motocinta a Fellbach, ga wanda aljihunsa zai iya.

Kwali kuwa ka manta da shi. Takarda ce, kowace maɗaba'a tana iya buga zaki. Abin dubawa yana jikin kayan: sunan wanda ya ƙera da lambarsa, a zube cikin ƙarfen ko a buge da kyau, ba a manne da sitika ba.

Mu dawo kan abubuwa ukun da suka ba ka matsala.

Famfon ruwa. Ka ajiye tsohon da sabon a kan benci gefe da gefe. Ɗauki kowanne a hannu, sau da yawa nauyi kaɗai zai gaya maka labari. Juya su ka dubi farfelar da ke tura ruwan: ta asali mai kauri ce, fikafikanta a tsaye daidai, ta kwafi kuwa za ka tarar da ita siririya, wani lokaci ba a ma danna ta kan sandar zuwa inda ya dace ba, sai tazarar da ke tsakaninta da bango ta yi yawa, tana juyawa amma ruwan ba ya tafiya yadda ya kamata. Juya sandar da yatsa. In ka ji ƙaiƙayi ko wasa a sabon famfo, boris ɗin cikinsa ya mutu tun a kwali. Zubar da ka gani daga ɗan ramin da ke ƙarƙashinsa ta fito, wato sil ɗin ciki ya saki. Tsohon famfonka, in dai ruwa bai rarake gidansa ba, mai injin matsi zai fitar da sandar, a sa masa boris da sil masu kyau, ya koma aiki. Na fi yarda da wannan a kan sabon da ba a san uban da ya haife shi ba. Amma ka sa a duba bel ma. Akwai kanikawan da ke ɗaure bel har ya yi ƙara kamar tsirkiya don kada ya yi kuka, wannan kuwa ko famfon Faransa ka sa zai kashe masa boris. Kuma a daina zuba mata ruwan rijiya tsura. Kan injin 504 alminiyom ne a kan gangar baƙin ƙarfe, ruwan da babu maganin tsatsa a ciki cin sa yake yi daga ciki.

Mutuwa in ta yi zafi. Na fi zargin kwandansa, domin a duk kayan wutar tsofaffin motoci babu wanda ingancinsa ya zube irinsa. Ɗan gwangwani ne da takarda da ƙarfe nannaɗe a ciki, na banza yana aiki da sanyi, in zafi ya ratsa shi sai ya saki. Gwajin ba wuya. Da zarar ta mutu, a zare wayar tsakiya daga kan distributo, a riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin, a yi kik. Wuta shuɗiya mai tsalle da ƙara, to matsalar ta ɓangaren mai ce, a koma kan famfon fetur da dattin tanki, wanda motar da ta daɗe a ajiye ba ta rasa shi. Wuta ja-ja mai rauni ko babu sam, to kwandansa ne ko kwayil. Buɗe distributo ka dubi bakin kontak ɗin: in sabon kontak ya riga ya ƙone ya yi rami cikin 'yan watanni, kwandansa bai yi aikinsa ba. Mayar da tsohon da ka karɓo daga gareji ka gani. Ba abin mamaki ba ne na shekara arba'in ya tashi motar. Shi ma kontak na kwafi yana da nasa ciwon: ɗan dunduniyar da ke gogar sandar distributo yana cinyewa da wuri, tazarar da aka saita wajen milimita 0.4 sai ta riƙa rufewa, wuta ta riƙa makara, mota ta yi nauyi tana zafi, a yi ta zagin kafireto babu laifinsa. In ba ka damu da sai komai ya zama na asali ba, ana sayar da na'urar lantarki da ke shiga cikin distributo ta maye gurbin kontak da kwandansa, ba a ganin ta daga waje. Ni ba na ƙin ta, amma ka ajiye tsofaffin a cikin mota.

Birki shi ne inda zan ɗaga maka murya, don a nan rai ake magana. Kada ka sake hawa titi da ita sai an gama. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan ruwa daga iska. Motar da ta yi shekaru a tsaye, ruwan nan ya kwanta a cikin silinda ya yi mata ƙananan ramuka na tsatsa. In aka sa sabuwar roba a silinda mai ramuka, kowane taki bakin robar na gogar wurin yana yagewa, ko robar ta fi kowace kyau a duniya. Sai a zare fistin, a haska tocila a ciki, a shafa da farce. In farce ya maƙale, silindar ta gama, canza roba ɓata kuɗi ne. Abu na biyu, ka tambayi yaron da ya yi aikin da me ya wanke kayan. In ya ce fetur ko kananzir, ka samu amsarka. Robar birki ba ta jituwa da duk wani mai na ƙasa, kumbura take yi ta yi taushi, shi ya sa ba a wanke ta sai da man birkin kansa ko sifirit. Na uku, tiyon roba da ke zuwa ƙafafu: tsoho yana kumbura in an taka, ƙarfin ya tafi a nan. A canza su duka da sababbi masu rubutun ma'auni a jiki, irin SAE J1401, da kwanan watan da aka yi su. A birki ba na sayen ɗan Beljiyam na roba, ba na sayen tsohuwar ajiya, ba na sayen marar suna. Gidan kalifa na ƙarfe, wato abin da ke matse faifan birki, kam ana iya wanke na asali a sa masa sabon fistin da roba, sai dai ka duba ko Girling ne ko Bendix, don kayan cikinsu ba sa shiga juna.

Tsohuwar ajiyar kamfani, in ka dace da ita, dukiya ce a wasu abubuwan: haƙoran giya, fistin da hannun riga (bututun da fistin ke kai-komo a cikinsa), gilashin fitila, agogon dashbod, makullai, ƙarafan ado. Har yanzu akan yi tuntuɓe da irinsu a bayan shagunan tsofaffin dilolin Fijo, a ƙarƙashin ƙura. Amma duk abin da ke da roba ko fata a cikinsa, ka ɗauka ya mutu: tiyo, bel, bushin, kujerar injin, fatar famfon fetur, robar gilashi. Shekara talatin a shagon kwano cikin zafinmu ta isa. Lanƙwasa shi ka gani, za ka ga tsaga ƙanana sun buɗe. Sabuwar robar ma ka gwada ta kafin ka saya da yawa: yanki guntun tiyon fetur ka jefa a kwalbar fetur ka rufe na 'yan kwanaki, in ya kumbura ko ya yi yauƙi, ka san abin da zai yi a saman injin mai zafi. Robar gilashi kuma ka bar guntunta a rana a kan kwano mako biyu. Ta kwafi tana yin fari ta bushe.

'Yan Beljiyam suna da amfani, sai dai kalmar ta yi faɗi yanzu. 504 ta daɗe da ƙarewa a bololin Turai, abin da ya rage can ya koma hannun masu sha'awa da tsadarsa. Da yawan abin da za a miƙo maka a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas da sunan Beljiyam, daga wata motar haya ta nan gida aka kwanto shi, aka wanke aka fesa masa baƙin fenti. Ba laifi ba ne in ka san abin da kake saya kuma farashin ya nuna haka. Giya, aksil, kik, altaneta, sitiyari, duk ana iya saya a buɗe a gyara. A bodi ma mun fi Turawa sa'a. Suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, motocinsu daga ƙasa suke ruɓewa, mu kuwa ƙofa ko bonet da ya yi rayuwarsa a Katsina ko Damagaram sau da yawa rana ce kawai ta ci fentinsa. Ka tafi da maganaɗisu ka bi jikin ƙofar da shi, inda ya ƙi kamawa an cika wurin da fila. Ƙofar asali mai lotsawa, a hannun falanbita mai haƙuri, ta fi sabon faifan kwafi da za a yi ta yanka ana ƙari kafin layinsa ya haɗu da na mota. In dole sai sabon faifai, a gwada shi a jikin motar, a rufe a buɗe, kafin ya ga fenti.

Wani abin da ke sa a zargi kaya da rashin inganci alhali ba nasa ba ne: 504 ba iri ɗaya ba ce. An yi ta a Faransa, an yi a Ajantina har 1999, an haɗa a Kenya, an haɗa a Kaduna, kowane wuri da 'yan canje-canjensa. Waɗanda ke Nijar da yawansu na Faransa ne, waɗanda Turawa suka riƙa ƙetaro Sahara da su ta Tamanrasset da Arlit su sayar a Agadas da Yamai. Na Kenya da Ingila sitiyarinsu a dama yake, don haka rak ɗin sitiyari da fitilun gaba ba za su yi maka ba. A injin fetur akwai mai 1796 cc, faɗin silindarsa milimita 84, akwai mai 1971 cc, milimita 88. Salun wata ƙafafunta na baya kowacce da kanta take motsi, wata aksil ɗaya ne miƙaƙƙe kamar na wagon da akori-kura. Motar da ta shekara arba'in a ƙasar nan kuwa, Allah kaɗai ya san abin da aka taɓa canza mata. Don haka ka kwafi lambar bodi da lambar injin, ka nemi littafin kayan gyara na kamfani, wanda lambobinsa ke zuwa huɗu, ɗigo, sannan biyu. Ka sayi ma'aunin baniya, na auna kauri da faɗin ƙarfe, ka koyi karanta shi, yini ɗaya ya isa. Kasuwa kuma kada ka je ba tare da tsohon kayan a leda ba.

In aiki ya kai ga buɗe injin, ka tsaya a kai. Silindar 504 hannun riga ce da ake zarewa, ruwa na zagaye ta kai tsaye, kuma dole bakinta ya ɗan ɗara saman gangar injin da wani ɗan ƙaramin awo da littafi ya faɗa, don gasket ya samu abin dannawa. Da agogon awo ake duba wannan, ba da ido ba. In an cire kan injin, sai an danne hannayen rigar kafin a juya kuranshaf, in ba haka ba su ɗaga, abin da ya toshe ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Gasket nawa aka zaga da sunan jabu, alhali kan injin ne ya banƙare ba a kai shi an daidaita ba, ko an ɗaure notinsa da bututu a kan sifana maimakon sifana mai awo? Fistin da ringi da hannun riga a saye su saiti ɗaya daga kamfani ɗaya. A nan araha ba ta ado.

Boris yana da sauƙi ta wani gefen. Lambar da ke jikinsa ta duniya ce, ba ta Fijo ba, don haka kana iya zuwa wurin dilan kayan masana'antu mai wakilcin SKF ko SNR ko FAG ka saya da lambar. Su ma ana yin jabunsu sosai, har SKF ta fitar da manhajar waya da ake tura mata hoton kaya ta tantance. Fitila da gilashi ka nemi alamar E da lamba a cikin da'ira, a zube cikin gilashin: E2 Faransa ke nan, E1 Jamus. Fitilar kwafi haskenta watsewa yake yi, madubin cikinta kuma damina ɗaya ke dusar da shi. Taya ko da zanenta bai taɓu ba, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT a gefenta, su ne lokacin da aka yi ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Waɗanda ke ƙafar motar tun zamanin mahaifinka a sauke su, har da safaya.

Abin da babu shi a gida, kamar saitin gyaran kafireto ko robar gilashi mai kyau, akwai ƙungiyar L'Aventure Peugeot mai gidan tarihi a Sochaux, tana sayar da kayan tsofaffin motocin kamfanin, akwai kuma 'yan kasuwa a Faransa da Jamus da Holan da suka ƙware a 404 da 504. Su ma wani kayan nasu kwafi ne, sai dai na kirki a cikinsu zai rubuta maka cewa kwafi ne, kuma in ka tambaye shi wa ya ƙera zai faɗa. Da canjin kuɗi yadda yake, ka tara buƙatunka ka yi oda sau ɗaya, ƙananan abubuwa marasa nauyi. A gida kuma ka riƙe mai shago ɗaya, ka gaya masa ƙarara motar ba ta haya ba ce, ya kawo maka mai daraja ta ɗaya ko ya ce babu, kuma ku yi sharaɗin dawowa in bai zauna ba. Yawancinsu sun san ajin kowane kaya da ke kantarsu. Ka riƙa sayen kayan da kanka kana biyan bakanike kuɗin aikinsa da kyau, don in a cikin kuɗin kaya yake neman ribarsa, mai araha zai ɗauko.

Kuɗinka kuma ka fara zuba su a birki, sitiyari da taya, sai sanyaya injin da wuta, sai tanki da layin fetur. Fenti da kujeru su jira sai motar ta yi 'yan watanni tana tafiya ba ta ɗiga komai a ƙasa, don man birki in ya zuba a kan sabon fenti ɗaye shi yake yi.